Durom ɗin da na kai Fakku

Litinin, 26 ga Yuni 1978, bayan la'asar

Shekara tara ina riƙe da makullin sito a ƙaramin asibitin nan, ko allura ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Yau sai ga Sista Asma'u, nas ɗin da ko wata fuɗu ba ta cika da zuwa ba, ta tsaya mini a ƙofa, wai ina fankon durom na maganin feshi.

Na ce, "Wane durom?"

Ta ce, "Malam Dawuda, goma sha biyu anka kawo da bazara. An fesa ɗakunan kwanciya, an fesa magudanai, magani ya ƙare. Ina mazubin?"

Na ce an kawar da su. Ta dube ni, ta ce to, ta juya. Wagga "to" ba ta kwanta mini ba.

Mi ya haɗa nas da fankon durom? Wallahi wani ya turo ta. Tun zamanin wanda na gada, duk fanko na mai sito ne: kwali, kwalba, gwangwani, durom. Ba a sayarwa, kyauta ake yi, a samu addu'a. Duk Tambuwal an san haka, sai ita ce ba ta sani ba?

Talata, 27 ga Yuni, da hantsi

Bari in rubuta yadda abin yake, don in an zo ƙulla mini sharri in san inda na tsaya.

Da can gidan sauro muke ɗaurawa, mu shafe bango da farar ƙasa, mu shanya katifu a rana saboda kuɗin cizo, mu cike kududdufai. Yanzu gwamnati ta samu, kowa abin Turai yake so. Alhaji Bube ɗan kwangila ya kawo wanga magani cikin durom mai ruwan ɗorawa. Kwamitin sayayya ya tambaye ni, na ce a saya. Kuma ya yi aiki. Sauro ya mutu, kuɗin cizo ya mutu, ƙadangaru sunka riƙa faɗowa daga bango. Har kyanwar ɗakin girki ta mutu, amma ai tsohuwa ce.

Alhamis ta sama kwamiti zai zauna a ƙara odar ashirin. Sai na sa hannu cewa na farko ya yi kyau kafin a saya.

Fankon kuwa na rabar kafin ruwan farko. Yanzu mutane sun fara rufin kwano, kowa na son abin da zai tara a ƙarƙashin indararo. Wanda ya fi kyau, marar lotsawa, na ɗaure shi a bayan babur na kai wa Yaya Na'inna a Fakku da kaina. Mijinta Malam Atiku ya yi ta sa mini albarka gaban almajiransa har na ji kunya. Ɗiyarsu Mardiya, wadda ta ci sunan mahaifiyarmu muke ce mata Ummu, shekararta bakwai, ta tura kanta cikin durom tana kiran "Kawu! Kawu!" don ta ji muryarta ta dawo. Sai da uwar ta janyo ta da ƙafa.

Wannan ne laifin? To a gaya mini.

Laraba, 28 ga Yuni, bayan azahar

An kawo mace da ɗanta daga Dogon Daji, iyalin wani tela. Amai, zufa, yawu na dalala, jiki na rawa. Masu jinya sunka fara gudun gadon, wai kwalara ce.

Sista ta aiko a kira ni. Ni mai sito, mi ya kai ni ɗakin marasa lafiya? Na tafi dai. Ta buɗe idon yaron da yatsa, ta ce in duba. Baƙin tsakiyar idon ya ƙanƙance kamar ƙwayar gero.

Ta ce, "Wanga ba kwalara ba ce. Sansana zanen da ya yi amai a kai."

Na sansana. Warin sitona ne.

Ta ce, "Na tambayi uwar inda suke ɗibar ruwa, ba ta iya magana. Ko kai ka san gidan?"

Na ce ina zan san kowane tela na Dogon Daji.

Shi ya ɗinka mini kayan sallar bara, na ba shi durom ɗaya.

Ai na wanke fankon nan kafin in rabar. Kowane ɗaya sau uku, da toka da sabulu, na kife su kwana biyu cikin rana. Sau uku. Abin da anka wanke sau uku ai ko najasa ce ta fita.

Alhamis, 29 ga Yuni, da yamma

Yau na gane inda ta dosa. Likita ya zo daga Sakkwato kamar kowace Alhamis, ta miƙa mishi takarda har shafi biyu. Wai kada a ƙara sayen maganin feshin, a sayi gidan sauro da wayar taga da farar ƙasa. Wai duk abin da asibiti zai saya daga yau sai an san mi ke ciki, sai rubutun jikinsa ya karantu, kuma wanda ya kawo guba ya kwashe mazubinsa ya tafi da shi.

Gidan sauro! To fa. An ce mini ɗan'uwanta na da shago a Sakkwato. Ban san mi yake sayarwa ba, amma zan sani. Mutum bai tashi tausayin ƙadangaru haka kawai.

Na kuma gan ta a bakin ƙofa da Baba Maccido mai gadi, sun daɗe. Da na tunkaro sunka yi shiru. Shi ma na ba shi ɗaya, tsohon banza, har da hawayensa ranar.

Juma'a, 30 ga Yuni, kafin masallaci

Na tare Na'iya direba a tasha, mai shiga Kebbe da Fakku da a-kori-kura. Na ce ya gaya wa Yaya Na'inna su bar shan ruwan durom, su koma rijiya.

Ya ce, "In tac ce don mi fa?"

Na ce ya ce mata tsatsa. Sabon kwano da ƙarfen durom suna sa tsatsa a ruwa, tana ɓata ciki.

Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, tsatsa ba ta da kyau. In na faɗi wani abu ban da wannan, Malam Atiku mutum ne da ba ya riƙe magana, don Allah zai tashi a masallaci ya yi gargaɗi, kafin la'asar duk ƙasar Kebbe ta ji cewa Dawuda ya raba guba. Kuma ban tabbata ba. Ita ma Sista zato take yi.

In tafi da kaina? Hanya ta lalace da ruwa, wuni guda ne zuwa. Ranar da na bar sito a rufe, ranar za ta san inda na tafi.

Abin da ake so su bar sha. Za su bar sha. Shi ke nan.

Asabar, 1 ga Yuli, da safe

An kwana ana ruwa. Duk indararon garin nan na zuba.

Litinin, 3 ga Yuli, bayan la'asar

Alhamdu lillahi. Na'iya ya dawo, ya ce ya isar, Yaya ta ce ta ji, sun koma rijiya tun ranar. Ya ce Ummu ce dai ke ɗan ciwon kai da murɗar ciki, uban na yi mata rubutu. Damina ce, kowane yaro na yi. Tunda sun bar sha zai wuce.

Ɗan tela ma ya farfaɗo, uwar ta tashi zaune. Sista ta yi musu wata allura da muke da ita 'yar kaɗan a kabad. Ta zo ta ce saura kwalba biyu, a sa ta cikin oda. Na ce sai kwamiti ya zauna. Komai nata oda, oda. Wa ya sani ko ita ma ɗan'uwan ke sayarwa.

Talata, 4 ga Yuli, da azahar

Alhaji Bube ya zo da sabuwar motarsa, ya aje mini turmin shadda a kan tebur, wai tsarabar Legas. Na rufe ƙofa, na ce, "Alhaji, don Allah mi ke cikin maganin nan? Rubutun jikin durom ba Turanci ba ne, kuma akwai wurin da anka shafe da fenti."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Malam Dawuda, ni sauro anka ce in kashe, ba karatu anka ce in yi ba. Ya mutu ko bai mutu ba?"

Na ce in mutum ya zuba ruwa a fankon fa?

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Wa zai yi haka? Ni cike na kawo muku. Abin da ya faru da fanko, mai makulli shi ya sani."

Ka ji fa! Tun yanzu ya share wa kansa hanya. Ranar da abu ya fashe ni kaɗai za a bari a fili. Da ya fita na kankare fentin da wuƙa a jikin murfi ɗaya da ya rage. Ƙoƙon kan mutum ne da ƙasusuwa biyu. Na tura murfin ƙarƙashin buhunan siminti.

Shaddar tana nan, ban kai gida ba, ban mayar ba.

Alhamis, 6 ga Yuli, da yamma

Kwamiti bai zauna ba, motar likita ta kafe a hanya. An ɗaga zuwa Alhamis mai zuwa. Na ji daɗi, kuma na ji haushin kaina da na ji daɗi.

Baba Maccido ya biyo ni har wurin babur. Ya ce, "Mai sito, na huda nawa. Sista tac ce in huda, na huda, na kife shi bayan katanga."

Na ce, "Ka faɗa mata wa ya ba ka?"

Ya ce, "Ba ta tambaya ba, ni ko ban faɗa ba tukuna."

Tukuna! Mi yake nufi da tukuna? Goro yake so, ko gargaɗi yake yi mini? Ya ƙara da cewa, "Kai dai ɗana, in akwai na nesa, a tuna da su." Na tada babur na bar shi tsaye. Duk bakinsu ɗaya.

Asabar, 8 ga Yuli, bayan magariba

Kwana biyu ina bin gidaje, ina cewa hukuma ta ce a mayar da durom za a ƙirga. Kai, ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Kyautar da ka yi ka dawo ka karɓe! Wata tsohuwa a Jabo ta ce, "Ashe aro ne? Da ka faɗa da ban sa maka albarka ba." Sai da ta juye ruwan cikin tulunta kafin ta ba ni. Na ce ta zubar, ta ce ruwan Allah? Na kai wa tulun ƙafa kamar ban gani ba, ya fashe. Ta zage ni har na hau babur.

Na samu tara, da na tela da na Maccido sha ɗaya. Suna cikin kangon bayan gidana, na rufe da zana.

Saura na Fakku. Shi ba gaggawa, ba su sha. In hanya ta bushe.

Na wanke shi sau uku, shi ma fiye da sauran, don na Yaya ne.

Lahadi, 9 ga Yuli, da hantsi

Na kasa cin fura. Tambaya, matata, ta ce ko wani ya yi mini wani abu a wurin aiki. Na ce wa ya gaya mata? Ta ce ba kowa. Har ita?

Litinin, 10 ga Yuli, da la'asar

Wanga ma sai na rubuta shi.

Da hantsi motar Na'iya ta shigo har ƙofar ɗakin marasa lafiya. Na leƙo ta taga. Malam Atiku ne ya sauko da Ummu a kafaɗa, kanta na lilo, Yaya na biye da mayafi a hannu ko yafawa ba ta yi ba.

Ban san lokacin da na isa ba. Sista ta buɗe idon, ta dubi idon, ta dube ni.

Ta ce, "Inna, wane ruwa kuke sha?"

Yaya ta ce, "Na rijiya, ɗiyata. Wallahi tun da Dawuda ya aiko ko kurɓa ɗaya ba mu yi ba a durom ɗin da ya ba mu."

A gabana ta faɗa. Sista ba ta ko waiwayo ba. Ta ce, "To mi take sha wanda ku ba ku sha?"

Malam Atiku ya ce, "Ba komai sai rubutu. Safe da rana da yamma, yau kwana tara. Da ciwon ya ƙaru na ƙara mata."

"Da wane ruwa kuke wanke allon, Malam?"

"Da ruwan sama mana. Ba a wanke ayar Allah da ruwan rijiyar da guga ke faɗuwa ƙasa awaki na sa baki. Na durom nika ɗiba." Ya juyo wurina, yana son ya kwantar mini da hankali. "Kada ka damu, Dawuda, na kiyaye da saƙonka. Kowace ƙwarya sai na tace ta da farin ƙyalle har sau biyu. Ko ƙwayar tsatsa ba ta wuce."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tsatsa. Ni na ba shi tsatsa, shi ko ya tace tsatsa.

Na ja Sista waje, na faɗa mata duka, har murfin da ke ƙarƙashin siminti. Na yi zaton za ta ɗaga murya, ta tara mini jama'a. Cewa kawai ta yi, "Na sani tun Larabar da anka kawo ɗan tela, Malam Dawuda. Jira nike ka gaya mini gidajen. Ban san akwai na Fakku ba." Sannan ta ce kwalba biyun da sunka rage ba za su kai ta gobe ba, in ɗauki murfin in kai Sakkwato a ga ko wane iri ne, in dawo da allurar.

Yanzu Na'iya ke zuba mai. Babur bai yi, ruwa ya sauko.

Talata, 11 ga Yuli, bayan azahar

Mun dawo da hantsi, kwali guda. Ɗan ƙaramin kwali, ya shiga aljihun rigata. Wannan ne ta ce in sa a oda tun kwana takwas, na ce sai kwamiti.

An yi wa Ummu allurar. An ɗaura ƙarin ruwa. Ta buɗe ido sau ɗaya, ban san ko ta gane ni ba. Ƙirjinta na kurari.

Na tambayi ma'aikacin da ya ba ni allurar a Sakkwato ko ya san ɗan'uwan Sista. Ya ce sarai, mai shagon littattafan addini ne a bakin kasuwa. Littattafai.

Yaya ta riƙe hannuna ta ce, "Allah shi yi maka albarka, kai ka kwana a hanya dominta." Na zare hannuna na ce zan duba sito.

Laraba, 12 ga Yuli

Ummu ta cika da hantsi. An yi mata salla bayan azahar, a nan Tambuwal, kusa da mai sunanta.

Alhamis, 13 ga Yuli, da yamma

Kwamiti ya zauna. Alhaji Bube na waje cikin mota. An turo mini takardar, an aje biro a kai.

Na aje musu murfin a tebur, na aje shaddar kusa da shi. Na ce ni na ce a saya ban san mi ke ciki ba, ni na raba fankon, ni na ji warinsa a zanen yaro na yi shiru. Na lissafa gidajen ɗaya bayan ɗaya. Na ce ba ni sa hannu, kuma in ana son a sayi abu, a bi takardar Sista.

Wani daga cikinsu ya ce kada a rubuta wanga bayani, zai ja wa kowa. Likita ya ce a rubuta. An karɓi makulli a hannuna har a gama bincike. Baba Maccido ya buɗe mini ƙofa, ya raka ni har titi.

Sun amince da gidan sauro da wayar taga. Bube zai kwashe durom sha ɗaya da kansa. Da an ce mini wata ɗaya baya zan ji labarin nan ban ji komai ba, da na ƙaryata.

Yaya ba ta sani ba har yanzu. Sista ta ce ba ita za ta faɗa ba.

Asabar, 15 ga Yuli, Fakku, bayan la'asar

An yi addu'ar uku da safe. Da mutane sunka watse na ari gatari, na shiga cikin gida. Durom ɗin yana nan ƙarƙashin indararo, cike fal, an rufe shi da sabon faifai. Allon yana jingine a gefensa.

Na jawo shi zuwa bayan danga, na haƙa rami na juye ruwan, na sare gindinsa har sai da ya buɗe kamar baki. Yaya ta fito daga ɗaki ta tsaya tana kallo. Malam Atiku na bayanta.

Ta ce, "Dawuda, mi ya yi maka? Tsatsar ce?"

Na durƙusa a gabansu na ce ba tsatsa ba ce. Na faɗi abin da ke ciki kafin in kawo shi. Malam Atiku ya dubi hannunsa na dama ya daɗe, sannan ya zauna a ƙasa inda yake tsaye.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Lokacin da ka kawo, ka sani?"

Na ce wallahi ban sani ba. Na ce na wanke shi sau uku.

Ta ce, "Na yarda. To yaushe ka sani?"

Na ce Laraba.

"Larabar da ta rasu?"

Na ce a'a.

"Wadda ke gabanta?"

Na ce a'a, Yaya.

Na ga bakinta na motsi, tana ƙirga kwanakin. Ta ɗauki tulu ta bi ta gefena, ta nufi rijiya.